Daga Madanni Zuwa Harafi: Matsalolin Allon Madannan Kwamfuta da Rubutun Hausa a Talata Mafara da Bakura da Maradun

Tsakure

Wannan maƙala bayani ce a kan matsalolin da masu buga rubutun Hausa da kwamfuta suke cin karo da su a allon madannai, wato kibod, bisa la'akari da yanayin Talata Mafara da Bakura da Maradun a Jihar Zamfara. An kasa matsalolin gida uku: na saiti, irin su juyewar aikin madannan F1 zuwa F12 da rikicewar shimfiɗar haruffa; na jiki, waɗanda ƙura da zafi suke haddasawa; da na lambar harafi, waɗanda suka shafi ɓ da ɗ da ƙ da 'y. Maƙalar ta nuna cewa kashi biyun farko suna bayyana nan take, gyaransu kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Kashi na uku kuwa ɓoyayye ne, domin takarda takan fito tsaf alhali abin da aka adana cikin na'ura ba daidaitacciyar Hausa ba ce. An bayyana hanyar gyara kowane kashi, tare da ba da shawarar komawa ga tsarin Unicode a duk rubutun ilimi.

Fitilun kalmomi: kibod, madannan aiki, haruffa masu ƙugiya, zubin haruffa, Unicode, Zamfara

1.0 Gabatarwa

Talata Mafara da Bakura da Maradun ƙananan hukumomi ne uku masu maƙwabtaka a yammacin Jihar Zamfara, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1996. An fi sanin su da noman rani na madatsar ruwan Bakalori, wadda aka kammala a 1978. Amma yankin na makarantu ne kuma. A Talata Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, a Bakura akwai Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi, ga sakatariyoyin ƙananan hukumomi da fadojin sarakuna da kotuna da makarantun sakandare a dukkan garuruwan uku. Duk waɗannan wurare takarda suke ci: kundin kammala karatu, takardun jarrabawa, wasiƙun ofis, takardun cinikin gona, katin ɗaurin aure. Mai yawa daga cikinsu da Hausa ake rubuta su, a shagunan buga takardu ko a kwamfutar tafi-da-gidanka ta ɗalibi.

Kwamfutocin da ake wannan aiki da su galibi na hannu ne, irin waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, waɗanda aka ƙera domin kasuwannin Turai da Amurka. Ba a yi su domin ƙurar hunturu ba, ba a kuma yi su domin harshen Hausa ba. Idan kibod ya fara saɓa wa mai shi, abin da akan fara cewa shi ne ya lalace, sai a nemi mai gyara ko a sayi sabo. Sau da yawa kuwa babu abin da ya lalace. Sanin wurin bugu shi ne ƙira, don haka maƙalar za ta fara da bayanin hanyar da harafi yake bi daga yatsa zuwa fuskar kwamfuta, domin kowace matsala tana da zangon da take aukuwa a wannan hanya.

2.0 Zangunan da Harafi Yake Bi

Madannin da aka rubuta wa K a kibod bai san harafin k ba. Idan aka danna shi, abin da yake aikawa lambar gurbinsa ce kawai, wato shaidar cewa an taɓa madanni na kaza a layi na kaza. Wannan shi ne zango na farko, zangon jiki. A zango na biyu, wani ƙaramin guntun na'ura da ke cikin kwamfutar yake karɓar saƙon, kuma shi ne yake kula da madannin Fn. A zango na uku, babbar manhajar kwamfuta, misali Windows, takan duba shimfiɗar haruffan da aka zaɓa, ta fassara lambar gurbin zuwa lambar harafi. A zango na huɗu, manhajar rubutu, misali Word, takan ɗauki lambar harafin ta nemi hotonta a cikin zubin haruffan da ake aiki da shi, wato abin da masu shaguna suke kira font, ta zana shi.

Abin lura a nan shi ne, abin da ake adanawa a fayil lambar harafi ce ta zango na uku. Hoton da ido yake gani a zango na huɗu tufafi ne kawai da aka sanya wa lambar. Wannan bambanci shi ne tushen matsalar haruffa masu ƙugiya da za a zo kanta a kashi na 5.0.

3.0 Matsalolin Saiti

3.1 Madannan F1 Zuwa F12 da Madannin Fn

Kwamfutar IBM ta 1981 tana da madannan aiki guda 10 a gefen hagu. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin ya mayar da su 12, ya jera su a layin sama, inda suke har yau. Ga mai buga rubutu a Word suna da amfani ƙwarai. F12 yana buɗe wurin adana fayil da sabon suna. F4 yana maimaita aikin da aka yi na ƙarshe. F7 yana duba kurakuran rubutu. Shift da F3 suna juya haruffa daga ƙanana zuwa manya. A wajen Word, F2 yana sauya sunan fayil, F5 yana sabunta shafin intanet.

Da kwamfutocin tafi-da-gidanka suka yawaita, wuri ya yi kaɗan, sai masu ƙera su suka ɗora wa waɗannan madannai aiki na biyu: ƙara murya da rage ta, ƙara hasken fuska, kunna sadarwar iska da kashe ta. Madannin Fn shi ne yake zaɓar wanne daga ayyukan biyu zai gudana. A yawancin sababbin kwamfutoci an fifita aiki na biyu, sai an haɗa da Fn kafin a samu na asali. Saboda haka mai rubutu yakan danna F12 domin adana aikinsa, sai ya ga intanet ta ɗauke, domin a kwamfutocin HP da yawa a kan wannan madanni aka ɗora makunnin sadarwar iska.

Windows ba ta ganin madannin Fn shi kaɗai, don haka neman gyaransa a cikin saitinta yawanci ɓata lokaci ne. Hanyoyin gyara biyu ne. Ta farko, a kwamfutocin Dell da ThinkPad na Lenovo da dama, danna Fn tare da Esc yana kulle madannan a kan aiki ɗaya, sake dannawa yana mayar da su. Ta biyu, a shiga saitin tushe da ake kira BIOS a daidai lokacin da aka kunna kwamfuta, da F10 a HP, da F2 a Dell, da F1 ko F2 a Lenovo gwargwadon samfuri. A HP sunan saitin Action Keys Mode, a IdeaPad na Lenovo HotKey Mode, a Dell kuwa yana ƙarƙashin Function Key Behavior ko Fn Lock Options. Idan aka kashe shi ko aka sauya zaɓinsa, aka adana, madannan sun koma aikinsu na asali. Ya kamata a taɓa wannan saiti shi kaɗai a bar sauran yadda suke.

3.2 Haruffa Suna Fitowa Lambobi

Ƙananan kwamfutocin da ba su da rukunin lambobi a dama sukan ɓoye shi a cikin haruffa. Idan Num Lock ya kunnu bisa kuskure, U da I da O sukan ba da 4 da 5 da 6, J da K da L su ba da 1 da 2 da 3, M ya ba da 0. Mai son rubuta kalmar kullum sai ya ga 243340. Maganin shi ne danna Num Lock, ko Fn tare da shi. Idan babu madannin a fili, sai a buɗe kibod na kan fuska ta hanyar danna Ctrl da madannin Windows da O, a nemo Num Lock a cikin zaɓuɓɓukansa a kashe shi.

3.3 Rikicewar Shimfiɗar Haruffa

Kowace ƙasa da yadda ta shimfiɗa haruffanta. Shimfiɗar Amurka da ta Ingila duk QWERTY ne, amma alamar @ da alamar zance sun yi musayar gurbi a tsakaninsu, abin da yake hana mutane rubuta adireshin imel daidai. Shimfiɗar Jamus ta musanya Y da Z, don haka Zamfara takan fito Yamfara. Shimfiɗar Faransa, wadda ake samu a kwamfutocin da suka biyo ta Jamhuriyar Nijar, ta musanya A da Q, da kuma Z da W, sai Bakura ta fito Bqkurq. Matsalar tana aukuwa ne idan abin da aka zana a kan madannai ya saɓa da shimfiɗar da Windows take aiki da ita. Danna madannin Windows tare da dogon madannin tazara yana nuna shimfiɗun da ke cikin kwamfutar, a zaɓi wadda ta dace. Alt na hagu tare da Shift suna sauya shimfiɗa ba tare da sanarwa ba, kuma yatsa yakan haɗa su bisa kuskure, saboda haka ya fi kyau a cire duk shimfiɗar da ba a bukata.

Wannan batu ya wuce na masu shaguna. Tun 2015 jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB da kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, kuma ana iya amsa ta da madannai kaɗan: A da B da C da D domin zaɓen amsa, N domin tambaya ta gaba, P domin ta baya, S domin miƙa aiki. Ɗalibin da ya yi atisaye a kan kibod mai rikitacciyar shimfiɗa ya koyi gurbin da ba shi zai tarar a zauren jarrabawa ba.

3.4 Saitin Taimakon Masu Lalura

Windows tana da wasu saituka da aka tanada domin masu lalurar hannu. Danna Shift sau biyar a jere yana kunna Sticky Keys, wanda yake sa Shift da Ctrl da Alt su maƙale bayan an sake su. Riƙe Shift na dama na daƙiƙa takwas yana kunna Filter Keys, wanda yake sa kwamfuta ta yi biris da gajeren danni, har a zaci kibod ya mutu. Ana kashe su a sashen Accessibility ko Ease of Access na saitin Windows. Haka kuma idan sabon rubutu yana cinye na gabansa, madannin Insert ne aka taɓa.

4.0 Matsalolin Jiki

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana cika ɗakuna da ƙura, daga Maris zuwa Mayu kuma zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyos. Ƙura tana shiga ƙarƙashin madannai ta hana su sauka sosai. Zafi yana iya kumbura batir, shi kuma a wasu kwamfutocin yakan turo kibod daga ƙasa har wasu madannai su ƙi dannuwa. Batirin da ya kumbura haɗari ne, cire shi ake yi ba tare da jinkiri ba.

Kafin a kashe kuɗi, gwaji biyu sun isa su raba matsalar jiki da ta saiti. Na farko, a jona wani kibod na waje ta kafar USB. Idan shi ma ya nuna halin na farko, matsalar ta saiti ce. Na biyu, a lura da tsarin madannan da suka mutu. Idan guda ɗaya ne, galibi datti ne, sai a kashe kwamfutar a kifa ta a kaɗe, a share da buroshi mai laushi. Idan rukuni ne suka mutu tare, to layin wuta ɗaya ne ya yanke a cikin kibod ɗin, ko kuma siririyar igiyar da ta haɗa shi da uwar na'ura ta saki, wannan kuwa aikin mai gyara ne. Rufe kibod da ƙyalle bayan aiki da nisanta shi da shayi da kunu ya fi duk waɗannan sauƙi.

5.0 Haruffa Masu Ƙugiya

5.1 Asalin Matsalar

Shimfiɗar QWERTY ta samo asali ne daga keken rubutun da Christopher Sholes ya tsara a Amurka, wanda kamfanin Remington ya fara sayarwa a shekarun 1870. Haruffan Ingilishi 26 aka yi wa gurbi. Hausar boko kuwa tana da baƙaƙen da babu su a Ingilishi: haɗiyau ɓ da ɗ, da tunzuɗau ƙ, da kuma 'y, wanda ake rubuta shi ƴ a Jamhuriyar Nijar. A farkon zamanin boko da ɗigo ko da alamar hamza ake bambanta su. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, aka karɓi siffofi masu ƙugiya, suka zauna a littattafai da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Tarurrukan daidaita rubutu na Bamako a 1966 da Yamai a 1980 sun bar su a matsayinsu.

Ƙugiyar ba ado ba ce, ma'ana take rarrabewa. Kafa daban, ƙafa daban. Haka fada da faɗa, bari da ɓari, kura da ƙura, daidai da ɗaiɗai. Mai karatu Bahaushe yakan gane abin nufi daga muhallin magana, amma ɗalibin da yake koyon ƙa'idojin rubutu, da baƙon harshe, da na'urar bincike, ba su da wannan gata. A takardar kotu ko ta cinikin gona, bambancin kara da ƙara ba abin wasa ba ne.

5.2 Dabarar Zubin Haruffa da Illarta

Tsofaffin tsare-tsaren lambobin kwamfuta, irin su ASCII mai gurabe 128, ba su tanadi haruffan Hausa ba. A shekarun 1990 aka samo mafita mai hikima: a ƙirƙiri zubin haruffa na musamman, a zana hoton harafi mai ƙugiya a gurbin wata alama da Hausa ba ta bukata. Zubin Rabi'at da na Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar, su ne suka fi shahara, kuma da irinsu aka buga ɗimbin littattafai da jaridu da kundayen digiri. Hanyoyi biyu suka yaɗu. A ta farko, q yana tsayawa a madadin ƙ, x a madadin ɗ, v a madadin ɓ. A ta biyu, alamomin baka ne suke ɗaukar nauyin, inda } yake ba da ƙ, ] kuma ya ba da ɗ.

Dabarar ta yi wa Hausa hidima a lokacin da babu wata. Illarta ita ce zango na huɗu kawai ta gyara, ta bar na uku yadda yake. Ido yana ganin ƙasa, amma abin da ke cikin fayil qasa ne ko }asa. Muddin aka buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da wannan zubi, tufafin sun faɗi, sai a ga waxanda ko wa]anda. Ɗalibin da ya buga kundinsa a Talata Mafara ya kai wa mai duba shi a Gusau ko Sakkwato yana iya tarar da haka, haka ma mai aika maƙala ga mujalla.

Akwai illolin da ba a gani ko da zubin yana nan. Mayar da fayil zuwa PDF yana tsare hoton, amma wanda ya nemi kalmar ƙasa a cikinsa ba zai same ta ba, injin bincike na intanet ma haka. Jeranta kalmomi bisa abajada yakan kai ƙ bayan p, ya kai ɗ kusa da ƙarshe, alhali bayan k da bayan d ne gurabensu. A hanyar q da x da v, kalmomin Ingilishi da ke cikin manazarta sukan gurɓace, shi ya sa ake yawan cin karo da Uniɓersity a kundaye. A hanyar alamomin baka, Shift da F3 ba sa iya mayar da ] babban baƙi, sai take ya fito da manyan haruffa da ƙaramin ɗ a tsakiyarsu. Sannan gurbin waɗannan alamomi yana sauyawa daga shimfiɗar wata ƙasa zuwa wata, don haka matsalar kashi na 3.3 takan haɗu da wannan.

5.3 Unicode da Hanyoyin Shigar da Shi

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. Lambobin haruffan Hausa su ne: ɓ 0253, Ɓ 0181, ɗ 0257, Ɗ 018A, ƙ 0199, Ƙ 0198, ƴ 01B4, Ƴ 01B3. Harafin da aka shigar da lambarsa yana nan a matsayinsa ko a wace na'ura aka buɗe shi. Idan zubin bai da hotonsa, akan ga ɗan akwati ko harafin ya bambanta da 'yan'uwansa, amma lambar ba ta ɓace ba, sauya zubi kawai ake yi. Times New Roman da Arial na sababbin Windows suna ɗauke da su.

Hanyoyin shigarwa huɗu ne. Ta farko, a Word, a rubuta lambar a danna Alt da X, sai ta juye harafi. Sai dai Word tana ɗaukar a da b da c da d da e da f a matsayin lambobi, don haka idan ana rubuta faɗa, fa ɗin farko zai shiga lissafi ya ɓata sakamako. Rubuta U+ kafin lambar yana magance haka. Ta biyu, a shiga Insert, sannan Symbol, a nemo harafin, a ɗaura masa gajeriyar hanya, misali Alt da K domin ƙ, ko ɗaya daga madannan F da ba a cika amfani da su ba. Wannan a Word kaɗai yake aiki. Ta uku, wadda ta fi inganci, a ƙara shimfiɗar Hausa da Windows take zuwa da ita, inda Alt na dama tare da b ko d ko k ko y yake ba da mai ƙugiyarsa a kowace manhaja. Ta huɗu, a girka manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL, wadda kyauta ce. A wayar hannu, Gboard yana da shimfiɗar Hausa.

Hanyoyi biyun farko ba sa bukatar intanet ko kaɗan, sauran kuma da zarar an saita su shi ke nan. Wannan abin la'akari ne a jihar da aka taɓa rufe layukan sadarwarta baki ɗaya a Satumban 2021. Shagon da ya ajiye manhajar girkawa a filashi ya tsare kansa.

5.4 Hamza da Karin Sauti

Word takan lanƙwasa alamar hamza da kanta. A tsakiyar kalma, kamar a sana'a, takan fito daidai. A farkon kalma, kamar a 'ya'ya da 'yanci, Word takan zaci buɗe zance ake yi, sai ta juya alamar baibai. Danna Ctrl da Z nan take yana mayar da ita miƙaƙƙiya, ko a kashe saitin lanƙwasawar a sashen AutoCorrect. Unicode ya tanadi hamza mai matsayin harafi a lamba 02BC. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a tsaya a kan siffa ɗaya a duk faɗin aiki, domin manhajojin bincike da yawa suna ɗaukar siffofin a matsayin alamomi mabambanta.

Masu nazarin tsarin sauti da karin harshe, irin su Zamfarci, suna bukatar alamomin da ake ɗorawa a kan harafi: 0300 domin karin sautin ƙasa, 0302 domin faɗau, 0304 domin dogon wasali, 0303 domin bambanta ra-gare da ra-kaɗe. Ana rubuta harafin, a biyo shi da lambar alamar. Zubin Charis SIL da Doulos SIL, waɗanda su ma kyauta ne, suna iya ɗora alama biyu a kan wasali ɗaya ba tare da sun hau juna ba.

5.5 Juya Tsofaffin Fayiloli

Kundin da aka riga aka buga da tsohon zubi ba sai an sake buga shi ba. A fara da ajiye kwafi. A danna Ctrl da H, a kunna Match case domin raba manya da ƙanana, a tabbatar Use wildcards a kashe yake, domin alamomin baka suna da wata ma'ana a ƙarƙashinsa. Daga nan a musanya haruffan ɗaya bayan ɗaya. Idan hanyar q da x da v ce, a zaɓi sassan Hausa kaɗai, a ware manazarta da kalmomin Ingilishi da lambobin Romawa na shafukan farko, irin su iv da xi. A ƙarshe a mayar da dukkan rubutun zuwa Times New Roman a karanta. Duk inda aka tsallake, a nan zai fito fili.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi harafi zango-zango, ta nuna cewa juyewar madannan F da fitowar lambobi a madadin haruffa da rikicewar shimfiɗa duk saiti ne da ake gyarawa cikin mintuna, matsalolin ƙura da zafi kuma gwaji biyu ne suke tantance su. Matsalar da ta fi shafar manazarta Hausa ita ce wadda ba ta hana aiki tafiya, wato adana q da x da v da alamomin baka da sunan ƙ da ɗ da ɓ. Kundin da aka adana haka ba ya amsa kiran mai bincike, ba ya kuma shiga rumbun kalmomin da ake gina ƙamus da manhajojin fassara da su.

Saboda haka ana ba da shawarwari uku. Sassan koyar da Hausa da mujallu su shardanta Unicode a ƙa'idojin karɓar aiki, su riƙa gwada kowane fayil ta hanyar neman kalma mai ƙugiya a cikinsa. Manyan makarantun Talata Mafara da Bakura su sanya saita shimfiɗar Hausa a cikin darasin kwamfuta na shekarar farko, su kuma gayyaci masu shagunan buga takardu na garuruwan uku, tunda ta hannunsu mafi yawan rubutun yake bi. Ɗakunan karatu kuma su fara juya kundayen da ke hannunsu tun fayilolin asali suna nan, domin kundin da ya rage a PDF ko a takarda kaɗai juya shi ya fi wuya nesa ba kusa ba.